Rumbun da Illa Ya Liƙe

Shekarar da nake faɗi ita ce ta bayan zuwan fari, waɗanda suka sauka gero ya fara ido suka bar mana kara tsaye. Malam, uban 'ya'yana, bai daɗe da rasuwa ba. Rijiyar siminti ta bakin kasuwa ba a gina ta ba tukuna, wayar hannu kuwa ko a Mayahi sai wurin manya. Tun daga lokacin, duk inda mata suka taru, suna ko biki, sai an sami mai cewa, Tsahara, ba mu labarin Kano. Na gaji da maimaitawa. Ga kuma Kande tana yawo tana ba da shi yadda ta ga dama. Shi ya sa na ce a rubuta nawa, wanda shi ne daidai.

Kande ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kowa na ce da ɗaya baiwarta. Tare muka tashi, na fi ta daka, na fi ta kitso, na fi ta noman gamana, 'yar gonar da mace ke yi wa kanta, amma duk abin da aka zo rabawa a duniya sai ya faɗa gabanta. An yi mata aure a garin da ke gaba da namu, mu duka a ƙasar Sarkin Hausa, in zakaransu ya yi cara muna ji.

Yunwar ta shigo tun kafin bazara. Muka ci tafasa, muka ci jiga, muka koma jiƙa 'ya'yan itacen anza muna sauya mata ruwa har ɗacin ya rage. Rediyo kuwa kullum cewa take babu yunwa a ƙasa, ƙarancin cimaka ne kawai. Manya na Yamai suka ce raba hatsi kyauta zai ɓata kasuwa, ya koya wa talaka zaman jira, sai aka kawo gero Mayahi ana saidawa da rahusa. Mu da awakinmu suka ƙare tun tuni, rahusar da tsadar duk ɗaya ne gare mu. An yi zaɓe da kakar da ta wuce. Garin su Kande sun jefa ƙuri'a inda ta faɗa daidai, namu mai garin ya bi wanda ya faɗi. Ban ce shi ne dalili ba. Amma motar farko da ta zo da buhuna, hanyarsu ta sani.

Ni ban ji tsoro ba, don muna da rumbu. Illa ɗana na biyu ne, ina iya faɗin sunansa, shi ne maigida bayan Malam. Da aka gama girbin ɗan abin da fari suka rage, ya zuba a rumbun ƙasa na gandu da ke bayan gari, ya liƙe bakin da laka, ya kifa jinka, ya tafi Kano cin rani. Haka ake yi tun kakanni. Rumbun gandu na damina ne, ba a fasa shi sai ruwa ya sauka maza sun dawo za a shiga noma. Mace ba ta leƙa shi, kuma ba mai fasa liƙin da wani ya yi. Da rani mata su ci da yara daga gamanarsu.

Da masu agaji suka iso garinmu, nasaru biyu da 'yan lakwal, yaran da suka yi boko, masu yi musu fassara, na share tsakar gida, na ɗaura zanena mai kyau, na kai su bayan gari da kaina na nuna musu. Na ce wannan ko taɓa shi ba mu yi ba. Maƙwabta ma kowa ya nuna nasa, a jere, jinka a kife. Suka jinjina kai suka wuce garin su Kande, inda aka kwaɓe jinkaye aka bar rumbuna baki buɗe kamar na marasa kunya. Su aka ba.

Sai aka zo awon dantsen yara da wata 'yar igiya mai launi uku. Wanda ya faɗa ja a ɗauke shi zuwa asibitin tamowa na Tasawa, a ba gidansu buhun gari da galan na mai. Jikana Lawali, angona, ɗan Illa, lokacin an yaye shi bai daɗe ba. Ni ce nake tauna masa abin da na samu in hana bakina. Aka zagaya igiyar, ta tsaya a ruwan ɗorawa. Aka ce bai kai ba. Habsu, jikar Kande, ta faɗa ja. Ranar na ga Kande ta wuce bisa amalanke ta jingina da buhu, na shiga ɗaki ban ci ko anzar ba.

Ruwa ya sauka, maza suka dawo, ban da Illa. Ni da matarsa Rabi muka yi shuka. Lawali ya daina bin kaji, ya koma zaman gindin turmi, gashinsa ya fara ja. Na je wurin ƙanen Malam na ce ya fasa rumbu, ya ce ko shi ba zai taɓa liƙin wani ba sai da bakin mai shi. To bakin mai shi yana Kano. Ni kuwa ban taɓa wuce Tasawa ba. Sai ga Kande ta aiko wai za ta Kano wurin ɗanta Hamisu, uban Habsu, in ina so in bi ta. Na so in ce a'a. Na dubi Lawali na ɗaure ƙunshina.

Da sassafe amalanken jaki ya tsaya ƙofar gidanmu, tana zaune a tsakiya kamar matar sarki.

"Baiwata, hau ki riƙe mini galan," in ji ta.

Man agaji ne za ta saida a hanya ta yi kuɗin mota. Na riƙe shi bisa cinya har Mayahi. Murfin bai ɗauru ba, duk ramin da jaki ya faɗa sai ya tsiyaya, kafin mu isa zanena mai kyau ya sha mai tun daga cinya har gwiwa. Man da aka hana ni, shi na yi ta wari har ƙasar wasu. Kande ta ce in gode Allah, ko ba komi na samu rabona.

Daga Mayahi muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Tasawa, muka biya asibitin tamowa. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Rumfuna na tamfol, tabarmi sababbi, kowace uwa da gidan sauronta, ana bin su da madara a kofi da wata tunkuzar gyaɗa mai zaƙi cikin 'yar leda. Uwaye ma ana dafa musu. Na tsaya ina lissafin abin da Lawali zai zama in ya samu kwana kaɗan a nan. Habsu na kwance jikin uwarta, ba ta kuka, ba ta ko korar ƙuda. Na ce a raina, ƙoshi ke nan. Kande ta daɗe tana magana da wata ma'aikaciya a gefe, da ta fito kuwa ta fi da surutu, har ta tsokani mai gadi wai ya aure ni ya rage mata kaya.

A Korgom muka kwana gidan wata 'yar uwar mijinta. Matar ta kawo mana garin rogo da aka kwaɗa da tafasa, tana ta ba da haƙuri, mu ma muna ta cewa mun ƙoshi a hanya. Da la'asar ina zaune bakin zaure na ga manyan motoci suna wucewa kudu, an lulluɓe su da tamfol, suna nishi don nauyi. Na tambayi maigidan me suke ɗauke da shi. Ya ce gero. Na ce ai kuskuren hanya suka yi, yunwa tana arewa. Ya yi dariya ya ce kuɗi suna kudu, kuma masu motocin ba su da mai tare su, don su ne suka sayi riguna da gishirin da aka raba lokacin zaɓe.

A iyaka na ga abin da ya faɗa. Mota mai buhuna ta rage gudu, direba ya ɗaga hannu, ta wuce. Mu tsofaffi biyu da ƙunshi aka sauke. Aka ce katin shaida. Kande ta zaro nata, har da hoto, masu agaji suka sa aka yi mata. Ni ba ni da komi sai zanen fuskata. Na ce wa yaron mai kaki ya duba kumatuna, duk wanda ya san ƙasar nan ya san gidan da aka yi wannan aska. Ya sunsuna iska ya ce, kaka, mai kike fataucinsa? Kande ta ce a'a, baiwarta ce, a jikinta take ɗaukar kaya. Suka yi ta dariya har da na cikin rumfa, ya ce mu wuce. Har yau cewa take ita ta fisshe ni. Zanen fuskata ne.

Daga Daura zuwa gaba sai na ga wata duniya. Hausa suke yi, amma sun cika ta da kalmomin Ingilishi, kuma suna jin bakinmu sai su ce 'yan Faransa ne. Kuɗinsu takardu ne tuli, duk sun yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Ruwan sha a leda ake saida shi, ka ciji gefe ka tsotsa kamar jariri. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka tambayi mutum gida da gajiya ya ba ka baya. A tasha Kande ta saya mana taliya da wake. Na ce ni ba na cin abin da ya yi kama da tsutsa. Ta ce to, ta ja kwanon gabanta. Na jawo shi.

A Kano muka sauka gidan wata mutuniyar Tasawa da ke saukar da mutanenmu, kusa da babbar kasuwar hatsi ta Dawanau. Ɗaki ɗaya mu da yawa, ga sauro, ga warin kwata a bakin ƙofa. Matan unguwar ba su zuwa gona, ba su zuwa rijiya, suna cikin gida ana kawo musu komi, hannuwansu sumul. Da safe na ga maƙwabciya ta fito da sauran shinkafar jiya ta juye wa agwagi. Na tsaya ina kallon agwagin nan har suka gama. Ban taɓa jin haushin tsuntsu ba sai ranar.

Hamisu ba a sha wuyar nemansa ba, shayi yake saidawa a bakin titi, har da agogo a hannu. Uwarsa ta ja shi gefe ta yi masa magana kaɗan, nan take ya fara haɗa kofunansa ya ce zai bi mu gida. Na ce a raina, ita ko ɗa mai jin magana sai da aka ba ta.

Shi ya raka mu cikin kasuwa. Na ga gero a rayuwata, na ga shekarun da rumbu ke tsagewa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ɗakuna ne masu tsawo kamar masallacin Juma'a, buhu bisa buhu har rufi, ƙofa bayan ƙofa. 'Yan dako kowane gari da inuwar da suke zama. A inuwar mutanen Mayahi aka nuna mana Illa, yana tafe da buhu a wuya, ya rame har na fara gane shi ta tafiyarsa. Ya gan ni, ya sauke buhun, ya durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi kowa, ya bar Lawali a ƙarshe. Na ce Lawali ne ya kawo ni. Na ce ruwa ya sauka, mun yi shuka, yaro na zaune gindin turmi, ko ya taso mu tafi ko ya ba ni baki in kai wa baffansa a fasa rumbu.

Ya amsa mini bai ɗaga kai ba.

"Inna, babu komi ciki sai kara."

Ya ce tun a gona yaran 'yan kasuwa suka bi su da mota, lokacin ana matsa wa mutane kuɗin lanho, wato haraji, ya saida musu dammunan geron. Ya cika rumbun da kara ya liƙe don kada a ce gidan Malam ya tashi ba rumbu ba a daɗe da binne shi ba. Niyyarsa ya yi dako da rani ya sayi gero ya maida kafin ruwa, ba wanda ya sani. Amma duk lokacin da ya tara na buhu, sai ya tarar buhun ya yi gaba. Yana kwana yana tashi da gero a wuya, ya kasa sayen wanda zai kai gida, ya kuma kasa zuwa hannu wofi.

Ban yi kuka ba, ba na yi a kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ɗaura zane na kai baƙi bayan gari ina nuna musu kara.

Mai ɗakin hatsin da Illa ke yi wa dako ya ga tsofaffi tsaye, ya sa aka ba mu benci da ruwa. Mutum ne mai fara'a. Na tambaye shi me yake jira da wannan gero alhali ana binne yara a arewa. Ya ce, Hajiya, kasuwa ce, shi bai ƙwaci na kowa ba, saya ya yi. Ya ce ai ko masu agajin wurinsu suke zuwa saye, a sauya buhu a sa mai rubutun nasara, a maida can inda aka ɗauko.

Kande ta tafa hannu. "Ashe duk kwanakin nan tuwon geronki nika ci, Tsahara. Shi ya sa da tsakuwa."

Na ce geron gidanmu ba ya tsakuwa, sai dai in mai tankaɗen ce ba ta iya ba.

Illa ya ce ba zai koma ba, ba zai iya tsayawa gaban mutane ya fasa rumbun kara ba. Ni ma ban so ba. Na fi shi rashin so, ni da aka sani da baki a garin. Na fara cewa ko mu bar shi liƙe, mu ce iri ne muke tsimi. Sai Kande ta daina dariya. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun muna yara. Ta ce da Illa, in ya bar shi liƙe, masu agaji za su ci gaba da wuce gidan, har ranar da igiya za ta faɗa ja a hannun Lawali.

"Kuna ganin ja sa'a ce," ta ce. "Ku tambayi Hamisu abin da ya sa ya rufe shayinshi."

Hamisu ya juya mana baya. Sai lokacin na gane abin da ma'aikaciyar nan ta gaya mata a gefe, na gane man da na riƙe ba fatauci ba ne, kuɗin kiran uba ne ya zo ya ga ɗiyarsa.

Muka juyo mu huɗu. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗi a kanta, ba wanda ya yi wasa. Da muka isa Tasawa, tabarmar Habsu wata ce a kai. An yi mata sutura tun muna Kano. Uwar na zaune bakin ƙofar asibitin da ƙunshinta tana jiranmu. A cikin ƙunshin akwai sauran 'yan ledojin tunkuzar da yarinyar ta kasa ci. Kande ta kwance, ta juye mini su a zanen nan mai mai, ta ce in kai wa mijina, kuma in na yi mata godiya sai ta mare ni.

Ranar da aka ce motar masu agaji za ta bi ta garinmu zuwa na su Kande, na sa aka tare ta a hanya. Na tara mai gari da baffan yara da duk wanda ke iya tafiya, muka fita bayan gari. Illa ya hau, ya kwaɓe jinka, ya sa gatari ya fasa lakar. Ya fara jeho kara. Ni ina tsaye a gaba, kaina a sama, don in za a yi kallo a kalle ni da kyau. Kara ya taru har gwiwa. Can sai maƙwabcinmu, wanda ya dawo tun farkon ruwa yana ta cewa bai ga ranar fasa nasa ba tukuna, ya karɓi gatarin daga hannun Illa ya nufi nasa rumbun. Ƙaiƙayi ne a ciki. Bayansa wani ya karɓa. Baffan yara, mai cewa ba ya taɓa liƙin wani, nasa ko karan babu. Ashe rabin garin abin da muke gadi ke nan, kowa na kallon jinkar ɗan uwansa yana jin kunyar tasa.

Kafin gero ya yi bununi mota ta zo mana. Lawali ya ci tunkuzar Habsu, ya ci kunun garin agaji, ya tashi ya koma bin kaji. Zanen kuwa na wanke shi da toka, na wanke da sabulu, man bai fita ba. Yana nan cikin adakata.

Cikin waɗanda suka ga wannan, mai gari ya rasu, baffan yara ya rasu, maƙwabcin da ya karɓi gatari ya rasu, matar Korgom ma na ji ta riga mu. Hamisu ya koma Kano bai sake zama gida ba. Illa na nan, furfura ta fito masa, kuma tun daga shekarar ba ya liƙe rumbu sai ya kira ni da Rabi mun leƙa, ko me maza za su ce. Rabi na nan. Lawali ya yi aure, da aka haifa masa ɗiya ya raɗa mata Habsu, ba tare da ya shawarce ni ba. Kande na nan, haƙoranta duka suna bakinta, ni nawa saura na gefe. Duk ranar kasuwa sai ta hau kabu-kabu ta zo, wai ta zo ganin jikarta. Ni nake goyon yarinyar nan, ni nake dama mata fura, a ɗakina take kwana. Amma ta ji muryar Kande a zaure, sai ta zame daga cinyata ta tafi da gudu, ko waiwaye ba ta yi.